Famfo Uku a Gidan Malam Fuseini

Kotobabi, Ankara ta Gana
3 ga Fabrairu

Zuwa ga jikata Sa'adiyya 'yar Zulkifli, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da iyayenki da duk mutanen gida. Mu a nan lafiya muke, sai ciwon baya wanda ya zama abokin zama. Matata Hajiya Suweiba tana gaishe ki.

Ba ki san ni ba sai a baki. Ni ne Ishawu, autan Malam Fuseini na unguwar Maamobi, ƙanin kakanki Nafi'u wanda ya koma Nijeriya tun ina makaranta. Da kina kusa, da na kira ki amarya kamar yadda kakanni suke yi, amma ban iya wasa a takarda ba. Da hannu nake rubutu, Hajiya ta ɗauki hoto ta aiko miki ta waya.

Mahaifinki ya gaya mini cewa karatunki a jami'a shi ne gina samfurin hanyoyin ruwa a kwamfuta, a sake masa ruwan ƙarya a ga inda zai kai. Ni ma aikin ruwa na yi har na yi ritaya, sai dai mu da fensir muka yi namu, kuma idona ya daina yarda da dogon lissafi. Saboda haka nake neman taimakonki.

An haƙa rijiyar burtsatse a masallacin da ke bakin layinmu na Maamobi, an ɗora tanki a kan hasumiya. Kwamitin unguwa zai ja bututu daga tankin ya bi layin zuwa gidaje. Layin hawa ne, kuma za a zuba masa kankare kafin damina. In an zuba, ba mai sake tonawa a zamaninmu. Bututu iri biyu ne a gabanmu. Siriri yana nan a ajiye a masallaci. Mai kauri sai an jira a kawo shi daga garin Tema, mai kwangilar kankare kuwa ba ya son jira. Kwamiti ya ce abin da na faɗa shi za a yi.

Gida na ƙarshe a saman layin shi ne gidanmu, inda aka haifi kakanki. A can ƙuryarsa Hawa take, matar babban wanmu marigayi Jamaluddeen. 'Ya'yanta suna ƙasashen waje, gwiwoyinta sun tafi, rabin galan take iya ja daga ƙofar gida zuwa ɗakinta. Abin da nake so in sani guda ɗaya ne: da siririn bututu, ruwa zai kai famfon Hawa ko ba zai kai ba?

Na haɗo miki awon gidajen layin duka, kowane da tudunsa da mutanensa da famfunansa.

Wassalam. Kakanki,
Alhaji Ishawu Fuseini

Zariya
14 ga Fabrairu

Zuwa ga Kaka Alhaji.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karɓi wasiƙarku da farin ciki. Baba da Umma suna gaishe ku, suna yi muku sannu da baya. A gaishe da Hajiya, a yi mata godiyar hoto, ya fito tas.

Tunda ku ma'aikacin ruwa ne, zan faɗa muku yadda na gina abin, domin ku duba ko na yi kuskure.

Harshen da muke rubuta samfuri da shi ba ya son a zana layi duka a dunƙule. Ƙananan samfura ake ginawa a sa su cikin manya: famfo a cikin gida, gida a cikin layi. Samfurin famfo ya san lissafin ruwa, amma bai san tudun da yake kai ba, bai san mutum nawa suke ɗiba ba, sai an gaya masa. Waɗannan bayanai ba a miƙa su ɗaya-ɗaya. Ana ɗaure su wuri guda, mu ce ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana da nau'insa. Na tsara nau'in da na kira Gida, mai gurbi uku: tudun gida daga gindin tanki, tsawon bututu zuwa gare shi, da yawan masu ɗiba. Layi ne yake riƙe da ƙunshin kowane gida. Shi yake miƙa wa gida nasa, gida kuma ya miƙa wa famfon da ke cikinsa. Famfo ba ya tambaya. Abin da ya sauko masa daga sama da shi yake aiki.

Na gwada da siririn bututu, a lokacin da ya fi tsanani, wato da safe kowa ya buɗe famfo. Ruwa ya kai gidanku. Bai kai da ƙarfi ba, amma ya kai.

Tambaya ɗaya ce ta rage mini. Sauran gidajen famfo ɗaya-ɗaya ne, naku kuwa uku kuka rubuta, amma awo ɗaya kuka ba ni. Saboda haka ƙunshi ɗaya na miƙa wa famfunan uku, kowane ya ɗauka yana tsaye a ƙofar gida. Shin haka ne? Tsakar gida ɗaya ce, a shimfiɗe?

Jikarku,
Sa'adiyya

Kotobabi
17 ga Fabrairu

Jikata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, bayan ya ɗan sassauta. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira. Na fahimci tsarinki, ban ga aibu a cikinsa ba. Mu a da, duk lokacin da aka canza awo ɗaya sai mu bi shafuka muna gogewa. Ku kuwa a sama kuke canzawa ya sauka da kansa. Wannan ci gaba ne.

Game da tambayarki: gidan Malam Fuseini gida ɗaya ne. Ƙofarsa ɗaya, sunansa ɗaya. Ƙunshi ɗaya ya ishe shi.

Na shaida wa Malam Ramadan, shugaban kwamiti, cewa siriri ya wadatar. Za a fara tona rami a mako mai zuwa.

Wassalam.
Ishawu

Zariya
25 ga Fabrairu

Kaka Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya lau.

Ku gafarce ni da na sake tayar da maganar da kuka rufe. Na nuna wa Baba zanen gidan, sai ya yi dariya, ya ce shi abin da ya tuna daga zuwansa yana yaro shi ne matakala. Ya ce daga zaure ana hawa zuwa tsakiya, daga tsakiya a sake hawa zuwa wajen Inna Hawa, har ya taɓa gangarowa ya fasa leɓe.

In haka ne, famfon Inna Hawa ya karɓi tudun da ba nasa ba, kuma amsar da na ba ku ta ƙofar gida ce, ba ta ɗakinta ba. Sai na sa wani mataki tsakanin gida da famfo, na kira shi Sashe, da nau'in ƙunshinsa daban. Da na miƙa masa ƙunshin Gida, na'ura ta tsaya, ta ce nau'in bai dace ba. Haka harshen yake: ba ya karɓar ƙunshi a inda ba a tsara masa ba. A taƙaice, samfurin ya ƙi yarda cewa gidan nan gida ɗaya ne. Sassa uku yake nema, kowane da awonsa.

Don Allah a sa tef a auno mini kowane sashe daban, kafin a binne bututu.

Jikarku,
Sa'adiyya

Kotobabi
19 ga Maris

Zuwa ga Sa'adiyya.

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Na ga wasiƙarki a ranar da ta zo, na kuma ga kiran da kika yi ta yi wa Hajiya daga baya. Ban amsa ba ne domin ban so in rubuta miki abin da zan yi nadama.

Kin rubuta cewa na'urarki ta ƙi yarda gidan ubana gida ɗaya ne. Ban san wa ya tambaye ta ba. Na ɗauka ko mahaifinki ne yake magana ta bakinki, yana neman a ware masa na Nafi'u. Hajiya ce ta ce in sake karantawa da tabarau, ta ce yarinyar ruwa take nufi. Na sake karantawa. Mai yiwuwa tana da gaskiya. Saboda haka zan gaya miki abin da ba a faɗa a gidanmu.

Tun rasuwar Malam Fuseini ba a raba gidan ba. Ba a kira malami ba, ba a zauna ba. A hankali kowa ya ja katanga a inda yake kwana. Gaba yana hannun Abdul-Fatawu, ɗan wana marigayi Idrisu. Tsakiya, wanda ake ɗauka namu ne ni da kakanki, baƙin da suka sauko daga arewacin Gana ne a ciki. Baya na Hawa ne. Tukunya uku ake ɗorawa. Amma ran Sallah a zaure ɗaya muke cin abinci, kuma in aka yi rasuwa a unguwa suna ɗaya ake kira mu tashi gaba ɗaya. A Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa a nan, gidaje da yawa haka suke tsaye: kowa ya san katangarsa, ba wanda ya ambace ta.

Abu ɗaya ne ba a yi a irin wannan gida. Ba a shiga da tef. Duk wanda aka gani yana auna sashe, an san ma'anarsa: rabo ya zo. Ba zan kai tsakar gida ba labari ya kai har unguwar Kawukudi. Abdul-Fatawu ya daɗe yana so ya rushe gaba ya ta da bene da shaguna; kunyata ce kawai ta hana shi buɗe baki. In ya gan ni da tef, ni na buɗe masa.

To, ga tambayar injiniya. Ba za a iya barin ƙunshin Gida ya sauka yadda yake ba, kowane famfo ya karɓe shi, sai na baya kawai ya canza gurbi ɗaya, na tudu? In harshenku yana da hankali, ya kamata ya yarda da haka.

An gama tona rami. An shimfiɗa siriri har tsakiyar layi, ba a binne ba tukuna. Mai kankare ya ce farkon Afrilu.

Ishawu

Zariya
20 ga Maris

Kaka Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina neman afuwarku. Wallahi Baba bai san ma na rubuta wannan jimla ba, kuma ni ban san nauyinta ba sai yau.

Abin da kuka tambaya yana yiwuwa. Harshen ya yarda ƙunshi ya sauka duka, wanda ke ciki ya sauya gurbi ɗaya ya bar sauran. Na cire Sashe, na yi haka. A rubuce gidan yana nan ɗaya.

Amma, Kaka, gurbin yana nan yana jiran lamba. Na gwada masa tudu iri-iri. In famfon Inna Hawa bai ɗara ƙofar gida da tsayin mutum ba, siriri zai kai mata. In ya ɗara haka, da safe ba za ta ga ɗigo ba, domin famfunan ƙasa za su shanye ƙarfin tun kafin ya hau. Abin da Baba ya tuna ya faɗo daidai kan wannan iyaka, kuma tunanin yaro ne. Zan iya sa lambar da na ga dama, na'ura ba za ta musa ba, tunda nau'in ya dace. Ita nau'i take dubawa, ba ta taɓa zuwa Maamobi ba.

Ba ni da ikon ce muku ku auna. Abin da zan iya cewa shi ne, ban san amsar tambayarku ta farko ba.

Jikarku,
Sa'adiyya

Kotobabi
24 ga Maris

Jikata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Babu laifi tsakaninmu.

Jiya da hantsi na je gidan. Na ɗauki farar tiyo irin ta magina, wadda ake cika wa ruwa a gane daidaiton ƙasa, na sa tef a aljihun riga. Na tarar da Hawa a kan matakala ta biyu, ta ajiye galan tana hutawa. Zan rubuta miki maganarta yadda ta fito; Hausarmu ta nan ba irin taku ba ce.

"Injiniya," in ji ta, "yau ka tuna hanya? Na ce ko an gaya maka matar wanka ya mutu, ka zo cin shinkafa."

Na ce na zo duba lafiyarta.

"Lafiya na ga shi nan cikin galan. Da ka aure ni lokacin da wanka ya rasu, da yanzu ina Kotobabi ina murɗa famfo kamar Suweiba."

Na ce da na aure ta, da yanzu ni ne a makabarta. Ta yi dariya har da tari. Sannan na zauna kusa da ita, na fito da tef na nuna mata a tafin hannu, na gaya mata dalili, da abin da zai iya biyo baya. 

"Yoo," ta ce. "Ka auna. Gidan nan ya rabu tuntuni paa. Kai kaɗai ba ka ji ba, don ba nan kake kwana ba. Ba ni bakin tiyo."

Ita ta riƙe baki ɗaya a jikin bangonta, ni na bi da ɗayan ina sauka, ina sa alama da alli. Baƙin tsakiya suka daina wanki suka zuba ido. Ina durƙushe a zaure, tef a miƙe, sai ga ƙafafun Abdul-Fatawu a gabana.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya, Fatawu."

"Wannan na mene ne?"

"Na ruwa ne."

"Ruwa da galan ake auna shi, Baba." Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya riƙe mini bakin tef ɗin a ƙasa da yatsa, ya ce, "Ku ja, na riƙe." Na ja. Ya karanta lambar tare da ni, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya ce Allah ya saka da alheri. Ban san ko a kan ruwa yake godiya ba.

Famfon Hawa ya ɗara ƙofar gida da mita biyu da rabi. Ki sa a gurbin.

Ishawu

Zariya
24 ga Maris

Kaka Alhaji,

Assalamu alaikum. Na sa. Da siriri, ruwa yana tsayawa a tsakiya, ba ya kai mata. Da mai kauri yana kai mata, har da safe, ko da duk layin ya buɗe famfo. Na maimaita gwajin, na kuma bi ƙunshin daga layi zuwa gida zuwa famfonta, na tabbata lambarku ce ta isa can, ba ta ƙofar gida ba.

Allah ya sa abin ya tsaya a ruwa.

Sa'adiyya

Kotobabi
9 ga Yuni

Zuwa ga jikata Sa'adiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, jarrabawa ta zo da sauƙi. Mu lafiya muke. Na yi jinkiri ne domin ban so in rubuto sai da abin da na gani da idona.

Na tsaya gaban kwamiti na janye maganata. Malam Ramadan ya ce, "Alhaji, a Fabrairu kwamfuta ta ce e, a Maris ta ce a'a. A Afrilu me za ta ce?" Na ce kwamfutar ba ta canza ba, abin da aka ba ta ne ya canza. Ya ce to wa ya ba ta? Na ce ni. Sannan liman ya ce a jira mai kauri.

Mai kankare ya kwashe kayansa ya tafi wani aiki. Damina ta same mu da rami a buɗe. Layin ya zama kwata, mata suna tsallakawa a kan katako, wani mai babur ya faɗa ciki da buhun gawayi. Na ji abin da ake faɗa a kaina, wani a bayana, wani a gabana. An kawo bututun a ƙarshen Mayu, an binne, an zuba kankare.

Shekaranjiya aka saki ruwa. Na je da sassafe, lokacin da kowa yake ɗiba, na hau har wajen Hawa. Famfon ya yi ta hura iska, sannan ya kawo. Kaurinsa bai wuce yatsa ba, amma bai yanke ba. Hawa ta tara hannu ta wanke fuska, ta ce, "Ya zo. Shi ma ya gaji da hawa kamar ni." Ta cika buta, ta rufe, ta sake buɗewa don ta gani ko zai dawo. Ya dawo.

Sauran magana ta mahaifinki ce. Abdul-Fatawu ya je wurin liman ya nemi a zauna a raba gidan Malam Fuseini bisa shari'a. Ya yi shi cikin ladabi, ya ce tunda babba ya fara, ƙarami ba zai ji nauyin ƙarasawa ba. Ban musa ba, haƙƙinsa ne. An sa zaman bayan wata biyu. Abin da zan tsaya a kai shi ne sashen baya ya faɗa rabon 'ya'yan Jamaluddeen, Hawa ta zauna inda take. Magadan Nafi'u dole su zo, ko su naɗa wakili.

Kada ki tura wa Zulkifli hoton wannan takarda. Ki same shi bayan ya ci abinci, ki zauna, ki karanta masa da bakinki. Labarin gidan kakansa ne. Na fi so ya ji shi da murya.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Kakanki,
Ishawu Fuseini